Yadda Yanke Magana Ya Jawo Tarzomar Kano

A shekarar 1953 ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram suna cikin mulkin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. A garuruwa irin su Dingaya labarin duniya ba ya isowa sai ta bakin fatake, ko kuwa ta jarida guda wadda wani mai karatun boko zai karanta wa jama'a a ƙofar dagaci. Abin da ya karanta shi mutane za su ɗauka su tafi da shi kasuwa. To, saboda haka ya kamata duk wanda ya fita daga ajin Yaƙi da Jahilci ya san abin da ya auku a wannan shekara.

Ran 31 ga Maris 1953, a Majalisar Wakilai ta Ikko, Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya kawo shawara cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya tashi ya ce ba a ƙi mulkin kai ba, amma a cire 1956, a ce da zarar hali ya yi. Dalilinsa kuwa shi ne Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin zamani, in Turawa suka tafi da gaggawa ofisoshinta za su koma hannun waɗansu. Wakilan Action Group da na NCNC suka fice daga majalisa.

Waɗansu jaridun Kudu da suka zo ba da labari sai suka ɗauki rabin maganar suka ya da rabi. Suka nuna wa masu karatunsu cewa shugabannin Arewa ba su son 'yanci sam, 'yan amshin shatan Turawa ne. Alhali kuwa gardamar a kan lokaci take. Mutanen Ikko da suka karanta wannan suka yi wa wakilan Arewa ature da zagi, har a tashar jirgin ƙasa da za su komo gida.

Labarin wulaƙancin ya iso Arewa, a nan ma bai tsira daga ƙari ba, don kowane baki ya bi sai ya sami gishiri. Ana cikin haka sai aka ji S. L. Akintola zai jagoranci ayarin Action Group zuwa Kano, su yi taro a Sabon Gari ran 16 ga Mayu. Hukuma ta janye izinin taron, amma zukata sun riga sun ɓaci. Faɗa ya tashi tsakanin mutanen birni da Fagge da na Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi. Bisa ƙidayar Gwamnati mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Galibinsu talakawa ne, ba wanda ya je majalisar nan a cikinsu balle ya ji da kunnensa abin da aka faɗa.

Bayan wannan aka kira shugabanni taro a Landan, aka yi sabon tsarin mulki na 1954 wanda ya ba kowace jiha ikon harkokinta. Yamma da Gabas suka sami mulkin kansu a 1957, Arewa ran 15 ga Maris 1959, Nijeriya duka ran 1 ga Oktoba 1960. Watau abin da aka zubar da jini a kansa bambancin shekara huɗu ne.

Tun a 1939, da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam na edita, ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe ji-ta-ji-ta, irin wadda ta bazu cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Amma takarda ba ta rantsuwa, abin da aka rubuta mata shi take ɗauka. Mai karatu in ya ga an ce wane ya ce kaza, sai ya tambayi inda ya faɗa, da abin da ya faɗa kafin nan da bayan nan, ya kuma duba ko jaridar ta wace jam'iyya ce. In an ba shi jarida ya karanta wa jama'a a ƙofar dagaci, amana ce a wuyansa ya karanta maganar har ƙarshenta.