Bizit teknik: Yadda ake shirya tsohon kamiyo ya tsallake awon hayaƙi da na birki

Duk wanda ya bi babbar hanyar RN1 daga Yamai zuwa Damagaram zai ci karo da su: tsofaffin Berliet da Mercedes masu guntun hanci, wasu ɗauke da albasar Galmi, wasu da simintin Malbaza, wasu da dabbobi za su kasuwa. Da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Idan takardar bizit ta kusa ƙarewa, mai irin wannan mota yakan shiga zulumi, domin in ta faɗi, abincin gidaje da dama ne ya tsaya, tun daga na mai mota har na direba da yaron mota. Sai dai a wurin bizit lafiyar mota ake aunawa, kuma galibin abubuwan da ke kayar da tsohon kamiyo gyare-gyare ne da makanikin da ya san aikinsa zai iya kammalawa kafin ranar.

Waɗanne motoci ake nufi?

Berliet kamfanin Faransa ne na yankin Lyon. A 1978 aka haɗe shi da Saviem a ƙarƙashin Renault, ba da jimawa ba kuma aka daina maƙala sunansa a kan sababbin motoci. Ke nan duk kamiyon da ke ɗauke da wannan suna ya haura shekara 40. Mercedes mai guntun hanci kuwa an fara ƙera shi a 1959, aka ci gaba har cikin shekarun 1990, kuma da yawa daga cikin irinsu 911 da 1113 da 1513 suna aiki da injin OM 352 mai silinda shida.

Abin da ya haɗa waɗannan motoci shi ne ba su da kwamfuta. Famfon gazuwal na ƙarfe ne yake auna man da ke shiga inji, kuma da hannu ake saita shi. Wannan ne ya sa suka daɗe a ƙasarmu, domin ana iya gyara su a garejin Maraɗi ko na Tahoua, kuma shi ne ya sa hayaƙinsu ya dogara kacokan ga kulawar da ake ba su.

Abin da doka ta tanada

A Nijar, dokar hanya ta 2014 ce ginshiƙin ƙa'idojin zirga-zirga, hukumar ANISER kuma tana kula da fannin kiyaye haɗurra. Ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar take ciki, ta fitar da umarni a 2009 kan binciken lafiyar motoci a ƙasashenta. Motar kaya da ta haya sun fi motar gida yawan komawa bizit, kuma ranar ƙarewar wa'adi tana rubuce a jikin takardar.

A game da hayaƙi, ana yawan cakuɗa abubuwa biyu. Na farko shi ne ma'aunin da ake kira Euro, wanda Turai ta fara ɗora wa manyan motoci a 1992, aka kai Euro 4 a 2005. Wannan ma'auni masu ƙera sabuwar mota ya shafa. A 2020 ƙungiyar CEDEAO ta amince cewa motocin da za a shigo da su yankin su cika Euro 4, manyan motoci kada su wuce shekara 10, kuma sinadarin sulfur na cikin mai kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, kuma ko a can baya, ƙa'idar ta fi karkata ga motocin da ake shigowa da su. Na biyu shi ne awon motar da ke kan hanya, inda ake duba ko hayaƙinta ya wuce abin da inji mai lafiya irin nata ya kamata ya fitar. Injin 1975 ba zai taɓa zama Euro 4 ba, amma ana iya mayar da shi kan saitin da aka ƙera shi da shi, kuma abin da mai tsohon kamiyo zai sa gaba ke nan.

A fara da takardu

Tun kafin a taɓa inji, a ɗauki kartigiris a tsaya gaban motar. Lambar shasin da ke rubuce dole ta yi daidai da wadda aka buga a jikin ƙarfen. Motocin da aka ƙera daga 1981 galibi lambarsu tana da haruffa da alƙaluma 17, na kafin nan kuwa sukan zo da gajeriyar lamba. Idan tsatsa ko fenti ya rufe ta, a goge a hankali da buroshin waya. Kada a kuskura a sake buga ta da hannu, domin lambar da aka taɓa tana jawo zargin sata.

Yawancin tsofaffin motoci an yi musu sauye-sauye: an canza inji, an ƙara tsawon shasi, an mayar da mai akwatin katako tifa ko tanki. Duk canjin da ya sa motar ta bambanta da abin da kartigiris ya ce, a kai shi ofishin sufuri na jaha a daidaita takarda. Ƙa'idar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta taƙaita faɗin babbar mota a mita 2,55 da tsayinta a mita 4, kuma kamiyo mai aksil biyu kada ya wuce tan 18 har da kayansa. Ƙarafan da ake ƙarawa a gefe don a ci lodi suna iya fitar da mota daga wannan iyaka. A tabbatar kuma asiransi da binyeti ba su ƙare ba.

Launin hayaƙi yana faɗin ciwon inji

Baƙin hayaƙi alama ce ta gazuwal ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. A ƙasa mai ƙura irin tamu, abin da za a fara dubawa shi ne matatar iska. Lokacin hunturu tana iya toshewa cikin ƴan makonni. Mai takarda a canza ta, mai wankan mai kuwa a wanke ragar, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Daga nan sai injekta. A cire su duka a kai wurin mai awo, domin kowace ya kamata ta buɗe a matsin da aka tsara mata, wanda a irin waɗannan injina yake kusan bar 200, ta fesa gazuwal kamar hazo. Wadda take ɗiga ko take tsartuwa kamar fitsari, ita ce mai kawo baƙin hayaƙi.

Sai famfon gazuwal. Direbobi da yawa sukan sa a buɗe shi don motar ta ƙara ƙarfi a hawa. Ƙarfin da ake samu kaɗan ne, sauran man kuwa ta salansa yake fita, inji kuma yana ƙara zafi. A mayar da famfon kan saitinsa na asali a wurin mai bencin awo, a saita lokacin fesawa, a daidaita tazarar bawul. Idan motar tana da turbo, a duba tiyo da maɗaurai, domin iskar da ke zurarewa daidai take da matatar da ta toshe.

Shuɗin hayaƙi yana nufin man inji yana ƙonewa. Sau da yawa zoben fistan ne suka cinye, ko hanyar bawul ta yi sako-sako, ko turbo yana yoyo. Zuba mai mai kauri yana iya rage shi na kwana biyu, amma maganinsa buɗe inji ne.

Farin hayaƙi da sanyin safiya, wanda yake ɗaukewa da zarar inji ya ɗumama, ba abin damuwa ba ne. Idan ya ci gaba, yana kuma warin ɗanyen gazuwal, to lokacin fesawa ya makara ko matsin silinda ya yi rauni. Idan kuwa ruwan lagireto yana raguwa kullum, a zargi abin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa.

Man da ake sha shi ma yana da nasa rabo. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, tana ba ƙasar gazuwal, kuma gidan mai ya fi aminci a kan na ruwa-ruwa, wanda kan zo da ruwa, datti ko gaurin kalanzir. Kafin bizit a zubar da gurɓataccen da ya kwanta a gindin tanki, a canza matatun gazuwal, a yi juyen mai.

Yadda ake awon hayaƙi

Inda cibiya take da na'urar, akan zura tiyo a bakin salansa, a taka totur daga ƙasa har ƙarshe aƙalla sau uku, na'ura ta auna duhun hayaƙin. A Turai, iyakar da aka sa wa tsofaffin injinan gazuwal ita ce 2,5 ga marar turbo da 3,0 ga mai turbo, kuma injin da aka saita da kyau yana iya zama ƙasa da haka duk da shekarunsa. Abu biyu suna taimakawa. A zo da inji mai zafi, wanda mansa ya kai wajen digiri 80. Sannan a jajibirin ranar a yi tafiyar kilomita 20 zuwa 30 a buɗaɗɗiyar hanya, domin toka da ta taru a salansa ta fita. Salansar da ta huje a ɗinke ta, domin ba a iya awo da ita.

Wannan awo yana da dalili. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Waɗanda suka fi shaƙarsa su ne direba, yaron mota, ƴan dako da masu talla a tasha.

Birki

Hayaƙi yana cin lafiya a hankali, birki kuwa a take yake kisa, shi ya sa aka fi tsananta masa. Akan hau da motar kan wasu ƙarafa masu juyawa, a auna ƙarfin kamun kowace ƙafa. Idan hagu da dama sun bambanta sosai, motar za ta fizge gefe ɗaya a lokacin taka birki. A ƙa'idar Turai, bambancin da ya wuce kashi 30 cikin ɗari faɗuwa ce.

Ga mai birkin iska, akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida. A cika tankunan iska har allura ta kai bar 7 zuwa 8, a kashe inji, a saurara. Idan allura tana sauka, a shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo, inda ya yi kumfa nan ne yoyon. A buɗe ƙasan tankuna a zubar da ruwan da ya taru. Wasu Mercedes ɗin suna haɗa iska da man birki, kuma man yana shan danshi, don haka akan canza shi duk shekara biyu. A buɗe ƙafafu a duba takalman birki. Wanda ya jiƙe da mai a canza shi tare da robar da ta yi yoyon, kuma a canza hagu da dama lokaci guda. Birkin hannu shi ma ana auna shi.

Sitiyari, shasi da tayoyi

A kan rami, mai bincike zai girgiza ƙafafun gaba don ya ga wasan da ke cikin mahaɗan sitiyari. Zai duba ƙarafan sifirin ko akwai karyayye, ya duba shasi ko ya tsage, musamman wurin da aka yi walda. Ɗigar mai ko gazuwal a ƙasa ita ma laifi ce.

Taya ba ta wucewa idan ta suɗe, ta kumbura ko wayarta ta fito. Tayoyin da aka ƙera daga 2000 suna da alƙaluma huɗu a gefe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta daɗe a rana tana tsattsagewa ko da zanenta bai cinye ba. A ajiye mafi kyau a gaba, domin fashewar tayar gaba ce take ƙwace sitiyari.

Fitilu da ƙananan kaya

Abin takaici ne a kashe kuɗi a kan inji sannan a faɗi saboda ƙwan fitila. A gwada fitilun gaba, na birki, sigina da na lamba. A tsayar da motar mita 10 daga bango: hasken ƙasa ya kamata ya sauka da kamar santimita 10 zuwa 20 ƙasa da tsayin fitilar. A duba oda, madubai, gilashin gaba da abin share ruwa. A tanadi alamar haɗari mai kusurwa uku da abin kashe gobara da wa'adinsa bai wuce ba, a manna abin ƙyalli a baya, domin kamiyon da ya lalace da dare ba tare da alama ba tarko ne ga mai zuwa.

Tsarin lokaci

Ba a fafa gora ranar tafiya. Wata ɗaya kafin ƙarewar takarda, a daidaita takardu, a kai famfo da injekta wurin awo, tunda kayan tsohuwar mota wani lokaci sai an aika Kano ko an bi kasuwar tsofaffin ƙarafa. Saura mako biyu a yi birki da sitiyari. A makon ƙarshe a yi fitilu, a wanke ƙarƙashin motar don mai bincike ya ga abin da yake dubawa. Idan ta faɗi, za a ba da takardar da ta lissafa laifuffukan. A riƙe ta, a tambayi wa'adin dawowa, a gyara abin da aka rubuta.

Akwai masu aron tayoyi ko fitilu na yini ɗaya, akwai kuma masu neman takardar ta bayan fage. Takardar da aka samu haka tana iya wuce shingen jandarma, amma ba za ta tsayar da tan 18 a gangare ba. Wanda ya gyara da gaske kuwa yakan ga ribarsa tun a tafiyar farko, domin gazuwal ɗin da a da yake fita baƙi ta salansa yanzu shi ne zai kai shi gaba.