Yoyon bayan gida: Me tiyata ke iya gyarawa?

An fi sanin ciwon yoyon fitsari a arewacin Nijeriya, amma akwai ɗan'uwansa da ba a cika maganarsa ba saboda kunya, wato yoyon bayan gida.

Wasu matan kan gamu da larurorin biyu a haihuwa guda.

Me ke kawo shi?

Babban dalili shi ne doguwar naƙuda. Idan kan jariri ya daɗe yana danne naman da ke tsakanin farji da dubura, jini kan daina isa wurin, naman ya mutu, sannan ƙofa ta buɗe.

Wani lokaci kuma tsokar da ke tsuke dubura ce ke yagewa yayin haihuwa, ta yadda mace ba za ta iya riƙe bayan gida ko iska ba. Yankan gishiri ma yana jawo larurar.

Ina ake aikin?

A jihar Zamfara, an san asibitin Farida da ke Gusau da wannan aiki, kuma nan ne mafi kusa ga matan yankunan Bungudu da Tsafe.

Akwai kuma cibiyar Babbar Ruga a Katsina, inda wani likita ɗan ƙasar Holland, Dokta Kees Waaldijk, ya fara irin wannan tiyata a 1984, ya kuma horar da likitoci da dama.

Yaya ake yinsa?

Galibi likita kan bi ta farji ya ɗinke ƙofar, ya kuma haɗa tsokar da ta yage.

Idan ƙofar tana da girma ko ta yi nisa a ciki, akan fito da hanji ta jikin ciki na wani lokaci, bayan gida ya riƙa zuba a wata jaka har ɗinkin ya kama, sannan a mayar da hanjin a wani aikin na biyu.

Mene ne haɗarinsa?

Babban haɗari shi ne warwarewar ɗinki, domin ƙwayoyin cuta ba sa rabuwa da wurin. Akwai kuma zubar jini, da tsukewar farji sakamakon tabo.

Rufe ƙofa ba koyaushe ke nufin warkewa ba. Idan tsoka ko jijiyoyi sun lalace, mace za ta iya ci gaba da yoyo kaɗan, kuma ƙarfin tsokar da aka ɗinke kan ragu bayan shekaru.

Ana samun nasara?

Asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya ƙaddamar da gangamin yaƙi da yoyo a 2003, ya ce nasara kan kai kashi 90 cikin 100 idan raunin bai yi muni ba.

Likitoci sun ce aikin farko shi ne ya fi yiwuwar kamawa, domin duk ɗinkin da ya warware yana barin tabon da ke wahalar da na gaba. Don haka ya kamata a nemi ƙwararre tun da fari.

Bayan an sallami mace fa?

Akan buƙaci ta ƙaurace wa kwanciyar aure da aiki mai nauyi na wasu watanni, abin da ke buƙatar haƙurin miji da dangi.

Idan ta sake samun ciki, shawarar likitoci ita ce ta je awo da wuri, ta kuma haihu a asibiti ta hanyar tiyata, domin naƙuda guda za ta iya rushe duk aikin da aka yi.