Gurzar Haƙora Cikin Barci

Wasu mutane kan gurza haƙora cikin barci ba su sani ba, sai abokin kwana ya ji ƙarar. Damuwa da fargaba na cikin manyan dalilai. Wannan abin lura ne ga mazauna Sayam Forage, sansanin da aka buɗe a jihar Diffa a ƙarshen 2014 domin waɗanda rikici ya koro daga Najeriya. Haƙora sukan zaizaye ko su tsage, a wayi gari da ciwon kai da na muƙamuƙi.

A rage shayi, goro da taba bayan magariba. A gasa muƙamuƙi da tsumma mai ɗumi, a faɗa wa ma'aikacin lafiya damuwar. Yara galibi sukan daina da kansu. In haƙori ya tsage, sai asibitin Diffa.