UƘUBA BIN NAFI'U, MAI GININ ƘAIRAWAN

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki Risala ya san sunan mai littafin, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996. Amma ba kowa ya san wanda ya sari dajin da aka gina Ƙairawan ɗin ba. Shi ne Uƙuba bin Nafi'u Alfihiri, Baƙuraishe, kuma labarinsa ya taɓo ƙasarmu fiye da na sauran jarumawan farkon Musulunci.

An haife shi wajen shekara ta 622, wato a zamanin Manzon Allah (S.A.W.), amma yana yaro ƙarami lokacin da Annabi ya yi wafati, shi ya sa galibin malamai ke lissafa shi cikin tabi'ai. Ɗan uwan Amru bin Asi ne (R.A.), kuma a ƙarƙashinsa ya koyi yaƙi. Da shi aka ci Masar, da shi aka shiga Barƙa ta ƙasar Libiya wajen 642, kuma a wannan yanki ya shafe shekaru fiye da ashirin yana tsaron iyaka. Zaman nan ne ya sa ya san hamada da rijiyoyinta kamar tafin hannunsa.

A shekara ta 46 bayan Hijira, daidai da 666, ya kutsa kudu. Malamin tarihin nan na Masar, Ibn Abdil Hakam, wanda ya rasu a 871, shi ya kawo labarin. Uƙuba ya ci Waddan, ya ci Jarma ta ƙasar Fazzan, sannan ya tambaya ko akwai wasu mutane a gaba. Aka ce masa akwai Kawar. To, jama'a, Kawar ɗin nan ita ce dai ta Jamhuriyar Nijar, inda Bilma da Dirku suke, inda ayarin raƙuma ke ɗauko kantun gishiri da dabino har su iso kasuwannin ƙasar Hausa. Ya yi tafiyar kwana 15, ya kewaye babbar ganuwarsu wata guda bai ci ta ba. Sai ya yi kamar ya haƙura ya tafi, mutanen gari suka saki jiki suka buɗe ƙofofi, ya juyo ta wata hanya ya auka musu da dare. A cikin wannan tafiya ce aka ce ƙishirwa ta kusa halaka rundunar, ya yi salla ya roƙi Allah, dokinsa ya tona ƙasa da kofato ruwa ya ɓullo, har aka sa wa wurin suna Ma'ul Farasi, wato ruwan doki.

Amma fa wannan littafi bai ɓoye zafin hannunsa ba. Ya ce ya yanke kunnen sarkin Waddan, ya yanke yatsan sarkin Kawar, don kada su ƙara tunanin yaƙar Larabawa, kuma ya ɗora wa kowannensu bayi 360. Masu wa'azi sukan tsallake nan su tafi kan labarin doki. Ni ban ga dalilin tsallakewa ba, domin wannan hali nasa shi ne zai bayyana mana yadda ƙarshensa ya kasance.

A 670 Halifa Mu'awiya (R.A.) ya ba shi jagorancin Ifriƙiyya, wato Tunisiya ta yau da kewayenta. Uƙuba ya lura da wata matsala: duk sanda runduna ta zo mutane sai su miƙa wuya, da ta koma Masar sai su warware. Ya ce maganin abin shi ne Musulmi su sami garin kansu su zauna. Ya zaɓi wani kurmi wajen kilomita 160 kudu da birnin Tunis, nesa da gaɓar teku saboda jiragen ruwan Rumawa, kusa da makiyaya saboda raƙuma. Aka yi kamar shekara biyar ana gini, da masallacin da har gobe ake kira da sunansa. Kalmar Ƙairawan kuwa asalinta daga Farisanci ne, ma'anarta ayari ko masaukin ayari. Ka ga ke nan zango ne, irin wanda kakanninmu fatake suka kafa a ƙasashen mutane. Wancan zangon ne ya haifi Sahnunu mai Mudawwana da mai Risala, waɗanda fiƙihunmu na Malikiyya ya dogara a kansu.

Gini na ƙarewa sai aka tuɓe shi. A 675 gwamnan Masar, Maslama bin Mukhallad, ya naɗa baransa Abul Muhajir Dinar a madadinsa. Abul Muhajir ya wulaƙanta Uƙuba, har ya sa masa mari. Wannan laifi ne babba, babu mai wanke shi. Sai dai mutumin yana da wata dabara da Uƙuba ba shi da ita: ya san yadda ake jawo mai ƙasa a jiki. Ya yi yaƙi da Kusaila, shugaban ƙabilar Auraba ta Barbarawa, a wajen Tilimsan, da ya rinjaye shi sai ya girmama shi, Kusaila ya musulunta tare da jama'arsa.

Da Yazidu ya hau mulki ya mayar da Uƙuba kan muƙaminsa a shekara ta 62 bayan Hijira, wajen 682. Uƙuba ya rama, ya ɗaure Abul Muhajir, ya riƙa yawo da shi cikin sarƙa duk inda za shi. Bai tsaya nan ba, fushin ya shafi Kusaila don kawai abokin Abul Muhajir ne. An ruwaito cewa wata rana an kawo tumaki, ya tilasta wa Kusaila ya yi fiɗa da hannunsa a gaban jama'a, alhali ga barorinsa a tsaye. Kusaila ya yi fiɗar, yana shafa jinin a gemunsa. Abul Muhajir, yana cikin sarƙar, ya gargaɗe shi cewa Manzon Allah ya kasance yana lallashin shugabannin ƙabilu sababbin shiga Musulunci, shi kuwa ga shi yana tozarta mutum a tsakiyar danginsa. Uƙuba bai saurara ba. A nan, wallahi, gaskiya tana wajen ɗaurarre.

Tafiyar da ya yi yamma ita ce ta ba shi suna. Ya ratsa Aljeriya yana karya Rumawa da Barbarawa, ya shiga Maroko, har ya iso tekun Atilantika. Aka ce ya kora dokinsa cikin ruwa, ya shaida wa Ubangijinsa cewa teku ce kaɗai ta tsayar da shi.

A hanyar dawowa, cikin 683, ya sallami yawancin rundunar su yi gaba zuwa Ƙairawan, ya rage da mutum kamar 300. Kusaila, wanda ya riga ya sulale ya haɗa kai da Rumawa, ya tare shi a Tahuda kusa da Biskara. Da Uƙuba ya ga abin da ya taso sai ya kwance Abul Muhajir, ya ce ya tafi ya riƙe al'amarin Musulmi. Abul Muhajir ya ƙi, ya ce shi ma shahada yake so. Suka karya kuben takubbansu suka shiga, aka kashe su gaba ɗaya. Allah Ya jiƙansu. Kusaila ya shiga Ƙairawan ya mulke ta wasu shekaru, sai da Zuhairu bin Ƙaisi ya zo da sabuwar runduna ya kashe shi a Mamsa.

Kabarin Uƙuba yana garin Sidi Uƙuba a Aljeriya, ana ziyararsa. Kuntawa, dangin Shehu Mukhtar Alkunti na Ƙadiriyya, suna kai nasabarsu gare shi. Haka kuma cikin ruwayoyin asalin Fulani akwai wadda ta ce kakansu wani Balarabe ne mai suna Uƙuba, wasu suka ce bin Nafi'u ne, wasu suka ce bin Amir.