Koren ƙyalle a finafinan Kumasi

Koren ƙyalle yadi ne da ake ratayewa a bayan ɗan wasa lokacin ɗaukar fim, daga baya mai tace hoto ya goge koren a kwamfuta ya sa wani wuri. Da irin wannan dabara finafinan Kumawood, waɗanda akasari da harshen Twi ake yi, ke nuna maye yana tashi sama. An zaɓi kore ne domin ya yi nesa da launin fatar mutum. After Effects da DaVinci Resolve duk suna wannan aiki, CapCut na waya ma ya ishi mai haɗa bidiyon biki a Zangon Kumasi. Wahalar tana wajen haske: in ƙyallen ya yamutse ko inuwa ta faɗa masa, gefen ɗan wasa zai fito kore-kore. Wanda kuwa ya sa koriyar riga, kansa da hannuwansa kaɗai za a ga suna yawo.