Haɗin Aikin Mutum da Na'ura: Darasi Daga Jirgin Air France 447

Haɗin aikin mutum da na'ura mai ƙwaƙwalwa tsari ne na raba aiki tsakaninsu: na'ura ta ɗauki lissafi da aikin maimaici, mutum ya riƙe yanke hukunci. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da na'ura za ta miƙa wa mutum ragama.

Ranar 1 ga Yuni 2009, jirgin Air France mai lamba 447, ƙirar Airbus A330, da ya taso daga Rio de Janeiro zuwa Paris, ya faɗa tekun Atlantika. Mutum 228 suka rasu. Ƙanƙara ce ta toshe bututun auna gudu, sai na'urar tuƙi ta sakar wa matuƙa jirgin farat ɗaya, cikin dare. Matuƙin ya yi ta ɗaga kan jirgin har iska ta daina ɗaukarsa. Ƙararrawar gargaɗi kuwa ta ƙara rikita su: in gudu ya ragu sosai sai ta yi shiru, in an sunkuyar da kan jirgin, wanda shi ne daidai, sai ta dawo. Abokin tuƙinsa ma bai ji abin da yake yi ba, don sandunan tuƙinsu ba a haɗe suke ba.

Rahoton masu binciken Faransa na 2012 ya nemi a ƙara wa matuƙa horon tuƙi da hannu. Ƙa'idar ita ce, na'ura ta faɗi abin da ya lalace a fili, gargaɗinta kada ya zama mai harshen damo, mutum kuma kada hannunsa ya manta aiki.