Kalmar «gado» da makomar gandu a ƙasar Arewa: misalin Ɗan Kassari

Kalmar gado tana ɗauke da ma'ana biyu a Hausa. In aka ce wane ya gaji ubansa, ana iya nufin ya hau matsayinsa, ya ɗauki nauyin da ya bari. Ana kuma iya nufin ya samu kaso cikin dukiyarsa. A wannan ɗan nazari za mu bi yadda ma'ana ta biyu ta danne ta farko a ƙasar Arewa, watau yankin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso, musamman karkarar Ɗan Kassari.

Cikin wannan karkara Lugu da Bagaji suke, mazaunin Sarauniya da na Baura, manyan Gubawa waɗanda M.-H. Piault, a littafinsa na 1970 kan tarihin Arawa, ya nuna su ne ƴan ƙasa, masu alƙawari da iskokin wuri tun kafin zuwan gidan sarauta. A can, in Sarauniya ta rasu, ana yin tarkama: a ɗauki gawa, ita za ta nuna magajiya. Abin da aka gada ta wannan hanya ba ya rabuwa, mutum guda ke ɗaukarsa a madadin kowa. Haka tsarin yake a cikin gida. Gandu gonar gida ce dukansa. In mai gida ya rasu, ƙanensa ko babban ɗansa ya hau, ya riƙe rumbu, ya ciyar, ya aurar da samari, ya biya lanho, ya yanka wa mata da matasa gamana. Yana iya ba baƙo aro, amma sayarwa ba ta cikin ikonsa. Ɗiya mace ba ta fita da yanki, tun da gidan wani za ta. Riƙon amana ke nan, kusa da abin da dokar Ingila ke kira trust, illa dai babu takarda.

Mulkin mallaka, wanda ya fara taɓa Lugu da wuta a watan Afrilu na 1899 lokacin yaƙin Voulet da Chanoine, bai soke wannan tsari ba. Dokar 3 ga Disamba 1931 kan shari'ar ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa ta bar wa kotu ta yi hukunci da coutume ta masu ƙara, tare da mataimaka da ake ɗauka sun san ta. Nijar ta riƙe wannan hanya bayan samun mulkin kai: aya ta 51 ta doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962 ta sa gado, kyauta, wasiyya da rikicin gonar da ba ta da rajista ƙarƙashin coutume, dokokin 2004 da 2018 kuma suka maimaita. To, mece ce coutume? Mu kan fassara ta da al'ada. Amma mataimakan alƙali galibinsu malamai ne, abin da ke hannunsu kuwa Risala ce ta Ibn Abi Zaid, watau fiƙihun Malikiyya. Daga nan lafazin coutume islamisée ya shiga bakin masana shari'a. Kalma ba ta motsa ba, abin da ke cikinta ya sake. Bagube ya shigo kotu da gado na ma'anar farko, ya fita da rabon gado.

Ba mu ce wannan sauyi asara ce ga kowa ba. Fiƙihu ya ba ɗiya rabin kason ɗa, ya ba matar mamaci tumuni in akwai ƴaƴa, rubu'i in babu, alhali gandu bai ba su mallakar komi ba. Sai dai haƙƙi a littafi daban, a gona daban: sau da yawa a kan ba mace kuɗi ko dabba, ko a ce kasonta yana hannun ƴan'uwanta maza, har a manta. Binciken M. Doka da M. Monimart na 2004 a jihar Maradi ya nuna yadda ƙarancin gona ke fara korar mata daga noma. Akwai kuma wanda rabo ya kayar gaba ɗaya, shi ne jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa. Cikin gandu yana ci yana noma kamar kowa. Ranar rabo baffanninsa sun shamakance shi, sai in kakan ya yi masa wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Masar ta toshe wannan kafa tun 1946 da wasiyya ta wajibi. A nan kuwa daftarin dokar iyali ya faɗi a 1994, wani ya sake faɗuwa a 2011, kuma da Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin mata a 1999, gado na cikin abubuwan da ta keɓe.

Hukuma ta fi sa hannu ta wajen ƙasa. Jawabin Seini Kunce na Disamba 1974, wanda ya ba mai noma gona haƙƙi kanta, ya tsorata masu ba da aro. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin kula da filaye masu ba da takardun shaidar mallaka, saye, kyauta, aro da jingina. Niyyar mai kyau ce, amma takarda suna take nema. In aka rubuta sunan babban wa shi kaɗai, a matsayin mai riƙo, ranar da ya rasu ƴaƴansa na iya ɗaga takardar su ce gonar ubansu ce, ko shi kansa ya sayar tun yana raye. A ganinmu nan ne babbar matsalar amana take a yau, gare shi da kuma ga wakilin da taron dangi ke naɗawa don ya bi kuɗin mamaci a banki ko fansho: dangi sun ba shi ma'anar farko ta gado, takarda ta ba shi ta biyu. Haraji ma takarda yake bi. A da, kotunan alƙalai na Sakkwato da Kano sun daɗe suna cire ushira daga dukiyar da suka raba. Harajin rajista na zamani ya fi cizon gida mai titre foncier bisa ga gonar gero, abin da ba ya ƙarfafa wa magada guiwar zuwa ofis.

Tsarin da ya fi kama da gandu cikin rubutacciyar doka shi ne waƙafi, ko hubusi, wanda Nijar ta yi wa doka a 2019. Fiƙihu ya san hubusin iyali: a tsare asalin dukiya, zuriya ta ci amfani, mai kula ya riƙe ba tare da ikon sayarwa ba. Amma hubusi ba ya ƙulluwa sai daga hannun wanda ya mallaki abin sarai. Wanda ya sari dajin ya daɗe da rasuwa, mai gida na yau kuwa riƙo yake yi. Ke nan kafin gandun Ɗan Kassari ya zama hubusi, sai an fara tantance kason kowane magaji, mace da namiji, na gida da wanda ke ci-rani a Legas ko Kwatano, sa'an nan kowa ya yarda ya maido nasa.